Yadda Aka Rasa Masallacin Babban Gwani

Ranar Juma'a, 11 ga watan Agusta na shekarar 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani sashe na rufin tsohon masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufto a kan masallata. Rahotannin farko sun ce mutum bakwai ne suka riga mu gidan gaskiya, daga baya adadin ya ƙaru, ban da waɗanda suka jikkata. Allah ya jiƙansu, ya sa sun cika da imani, domin kuwa sun cika a cikin sahu. Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun ranar Alhamis aka lura da tsagewa a jikin ginin, ana shirin kawo masana su duba ke nan sai mai aukuwa ta auku.

Labarin ya iso mana nan Hausari da almuru. Dattawan unguwa, waɗanda fatauci ko almajiranci ko hanyar Makka ta kawo kakannin da yawa daga cikinsu ƙasar Barno, ba su tambayi komai ba sai yawan mamata da ko akwai na gida a ciki. Babu wanda ya tambayi gini, kuma haka ya dace, don rai ya fi ƙasa da azara. Amma bayan an share makoki, ya kamata ɗalibin tarihi ya koma ya tambaya: shin wane irin gini ne wannan da ya faɗi, wa ya gina shi, kuma ta yaya ya kai ga wannan hali?

Mu mazauna Yerwa muna da dalili na musamman na yin wannan tambaya. Garinmu yaro ne a cikin birane, don a 1907 aka kafa shi. Birnin Ngazargamu, mai gine-ginen jan bulo, ya faɗi a 1808, yau sai kufai. Kukawa kuma Rabe ya ƙone ta a 1893. Saboda haka mun san ɗacin jin labarin gini a bakin tsofaffi ba tare da ido ya gani ba. Zazzagawa sun fi mu sa'a, domin nasu ya kai kusan shekara 190 a tsaye. Sai dai kamar yadda za mu gani, ba a rana ɗaya suka rasa shi ba.

Zazzau bayan jihadi

Lokacin da Malam Musa Bamalli ya shigo Zariya da tutar Shehu Usmanu, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, kuma zuriyar gidansu ce ta kafa garin Abuja na asali, wanda yanzu ake kira Suleja. Malam Musa ya riƙe gari har 1821. Bayansa sai Yamusa, wanda asalin gidansu daga nan Barno ne, shi ya sa har gobe ake ce da zuriyarsa gidan Barebari. Shi kuma ya yi sarauta har 1834, sannan Malam Abdulkarimu na gidan Katsinawa ya hau, ya yi shekara 12. Waɗannan gidaje uku, Mallawa da Barebari da Katsinawa, tare da na Sulluɓawa da ya biyo baya, su ne gidajen sarautar Zazzau.

Ba wai Zariya ba ta da masallacin Juma'a kafin Abdulkarimu ba ne. Baturen nan matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya ratsa garin a 1826, zamanin Yamusa, ya kuma ambaci babban masallacin ƙasa mai doguwar hasumiya. Gari ne na malamai tun da daɗewa, unguwanni irin su Juma da Kona sun shahara da karatu tun kafin jihadi. To amma sarakuna biyu na farko yaƙi da kafa mulki ne suka cinye musu lokaci. Sai a zamanin na uku ƙura ta lafa, dukiya ta taru, hannayen aiki suka yawaita, kuma gaskiya ita ce mafi yawan waɗannan hannaye na bayi ne da aka kamo daga kudancin ƙasar. Sabuwar daula tana bukatar ginin da zai nuna cewa ta zauna da gindinta. A cikin shekarun 1830 aka ɗora harsashin sabon masallaci kusa da fada.

Wanda aka danƙa wa aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. A nan akwai wani labari mai daɗi da ya cancanci a tsaya a kansa. A tafiyarsa ta farko, wadda ya biyo ta Kukawa da Kano, Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya tarar ana gina masallaci bisa umarnin Waziri Giɗaɗo. Ya zanta da shugaban maginan, wanda ya gaya masa cewa shi mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya koyo wani abu na fasahar gini, kuma da zai rasu ya bar masa takardunsa. Abin da maginin ya roƙi Baturen shi ne ma'aunin zane irin na Turawa. Masana da dama suna ganin wannan mutum shi ne Babban Gwani tun bai kai ganiyarsa ba. Ko shi ne ko wani ɗan garinsu ne, labarin ya isa ya rushe zaton da wasu 'yan boko ke yi cewa maginin gargajiya ɗan kwaɓa ƙasa ne kawai. Ga mutum yana da takardu na gado, yana neman kayan awo, shekara kusan 80 kafin Turawa su ci ƙasar Hausa.

Sauran abin da ake faɗa game da shi ya gauraya da almara, kamar yadda aka saba yi wa duk wanda gwanintarsa ta wuce hankalin mutanen zamaninsa. Ana cewa da dare yake gini, bayi su kwaɓa ƙasa su tara tubali da rana, gari na wayewa a ga bango ya tashi. Ana cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi laƙabin. Ana kuma cewa bayan ya gama wa Sarkin Birnin Gwari masallaci sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari na ƙarshe ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da yawa, har da Rasha, saboda haka mai karatu ya riƙe shi da hannu biyu amma kada ya haɗiye. Abin da ido ya tabbatar shi ne aikin: masallacin Zariya, da gidan Madakin Bauci da ke Kafin Madaki wanda ake danganta masa, da kuma zuriyarsa da suka gaji sarautar magina a Zazzau.

Yadda ginin yake

Masallacin ba ɗaki ɗaya ba ne. Katanga ce ta kewaye fili, da zauruka na shiga ta fuskoki daban-daban inda ake alwala, da ɗakin shari'a, sannan babban ɗakin salla a tsakiya, mai faɗin kimanin mita 20 da tsawon 23. Mutum ba ya faɗawa cikin sahu kai tsaye daga hayaniyar titi. Sai ya ratsa zaure, ya yi tsarki, ya fito fili ya ga sama, kana ya shiga inuwa. Wannan tsari shi ne na gidan Bahaushe, aka ɗaukaka shi ya zama na ɗakin Allah.

Wanda bai san ginin ƙasa ba ba zai gane wuyar abin da Babban Gwani ya yi ba, don haka bari mu ɗan yi bayani. Ƙasa tana jure nauyin da ya danno ta daga sama, amma ba ta iya miƙewa ta tsallake sarari. Abin da ke tsallake sarari shi ne azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, itacen da gara ba ta cika yi wa illa ba. To ita ma azara tana da iyaka: in ta wuce kamar taku shida ba tare da madogara ba, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. Shi ya sa ɗakin talaka yake da ƙunci. Dabarar da magina Hausawa suka ƙirƙiro don karya wannan doka ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi, a ɗan karkato da ita, a ɗaure wata a kanta ta ɗan ƙara leƙowa, a bi da ƙasa a bari ta bushe, a sake ɗora wata, daga hagu da dama, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna aka rufe tsakaninsu, an sami ɗaurin guga, daga waje kuma a ga tulluwa. Kowane mataki sai an jira ya bushe kafin a ɗora na gaba, don haka aikin na rani ne, kuma na mai haƙuri.

Da wannan dabara ya rufe ɗakin sallar da tulluwa shida, bisa manyan ginshiƙai waɗanda bakuna ke tsirowa daga jikinsu kamar rassan kuka. Adon da ke jikin ginshiƙan ba fenti ba ne, zane ne mai zurfi da aka tona a cikin ɗanyen yaɓe: layuka a tsaye, da'irori, da kusurwoyi. Malaman jihadi ba su son ƙawa mai ɗauke hankalin mai salla, kuma maginin ya kiyaye wannan, ya bar haske kaɗan da ke shigowa ta ƙofofi ya riƙa fito da zanen. Wanda ya shiga da tsakar rana a watan bazara zai ji sanyi kamar ya shiga randa, domin kaurin bangon yana hana zafi ratsowa sai dare ya yi.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi guda wanda ba ya yafewa. Ruwa ne ajalinsa, kuma Zariya gari ne mai samun ruwa sosai, musamman a markar Agusta. Saboda haka kowace shekara kafin damina sai an hau rufi an duba. A share indararo, a toshe tsaga, a sabunta laso, wato haɗin katsi na marina da gashin majema da dafara, a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa. Wannan aiki yana da masu shi: Sarkin Magina da mutanensa, da unguwannin da ke kawo ƙasa da ruwa. A haƙiƙa masallacin da Sarki Aliyu ɗan Sidi, mai waƙoƙin nan da muke nazari a aji, ya yi salla a cikinsa a farkon ƙarni na 20, fatarsa ta waje ba ita ce wadda Babban Gwani ya shafa ba. An sabunta ta sau da yawa. Abin da ya dawwama shi ne ƙashin ginin da kuma sanin yadda ake kula da shi.

Rashi na farko

Turawa sun kama Zariya a 1902, ba su taɓa masallacin ba. Hasali ma fasahar ta ci gaba da rayuwa a zamaninsu, har ta kai ga majami'ar Bartholomew ta 'yan mishan da aka gina a Wusasa a 1929, da tubali da azara da bakan gizo, kamar kowane soron attajiri na cikin birni. Abin da ya canza al'amura ba doka ba ce, kaya ne. Jirgin ƙasa ya kawo kwano da siminti. Kwano ba ya son yaɓe, siminti ba ya neman gayya kowace shekara, kuma dukansu sun zama alamar cewa mutum ya waye. Kano ce ta fara nuna hanya: aka kawar da tsohon masallacinta na ƙasa, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa, aka buɗe sabo mai kubba da hasumiya biyu a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga nan kowane babban gari ya fara kallon masallacinsa na ƙasa da idon kunya.

Zariya ta jinkirta har shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya malalo, lokacin da Nijeriya ta yi odar siminti har ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cincirindo a gaɓar Ikko a 1975 suna jiran a sauke. Jama'a ta ƙaru ƙwarai, ɗakin da aka gina don birnin ƙarni na 19 ya kasa ɗaukar masallata, mutane suna salla a rana da cikin ruwa. Wannan bukata ce ta gaskiya, kada mu raina ta. Shawarar da aka yanke ita ce a raba gardama: aka rushe gine-ginen da ke kewaye, aka bar babban ɗakin salla, aka tayar da sabon masallaci na kankare ya lulluɓe shi, tsohon ya koma ɗaki a cikin ɗaki.

Waɗanda suka yi haka sun cancanci a yaba musu ta fuska ɗaya, domin sun fi na Kano tausayin tarihi. Amma a ganina a ranar ne aka yi rashi na farko, kuma shi ne mafi girma in ana maganar gini. Tsarin nan na zaure da fili da inuwa ya tafi. Tulluwa shida da ake hangowa daga dandalin fada sun ɓace wa ido. Abin da ya fi wannan, ginin ya fita daga hannun masu shi. Da yana waje, kowace damina tana tilasta a hau a duba, kuma kowane hawa makaranta ce ga yaran magina. Da ya shige cikin kankare sai hankali ya kwanta, aka ɗauka an yi maganin ruwa har abada. Azara kuwa tana tsufa ko ruwa bai taɓa ta ba, danshi yana tasowa daga ƙasa ko an rufe sama, kuma injiniyan da ya karanci ƙarfe da siminti ba lalle ne ya iya karanta tsagar bakan gizo ba. Abin mamaki, duk wannan ya faru ne alhali Jami'ar Ahmadu Bello, mai sashen koyar da zanen gine-gine mafi daɗewa a ƙasar nan, tana Samaru, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Ba mu kaɗai muka taɓa rushe wurin ibada da hannunmu ba. Bayan gobarar da ta cinye tsakiyar birnin Landan a 1666, an sake gina majami'u kusan 50 na unguwanni ƙarƙashin jagorancin Christopher Wren, wanda shi ne Babban Gwanin Ingila. Shekara 200 bayan haka mazauna tsakiyar birnin suka ƙaura zuwa bayan gari, ofisoshi da bankuna suka maye gidajensu, majami'u suka wayi gari babu masu shiga. Sai majalisa ta yi doka a 1860 wadda ta ba da damar haɗe unguwanni a rushe majami'un da suka yi rara, a sayar da filayen. Ɗaya daga cikinsu, St Mary Somerset, an rushe ta a 1871 aka bar hasumiyarta kaɗai a tsaye a bakin titi, kamar dai yadda Gobarau ta rage a Katsina ba tare da masallacinta na asali ba. Bambancin shi ne, su rashin masu ibada ne ya ci nasu, mu kuwa yawan masu ibada ne ya ci namu. Kuma akwai hanya ta uku da ba mu bi ba. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907, shekarar da aka kafa Yerwa, mutanen gari sun mayar da yaɓensa bikin shekara-shekara, yaro da babba kowa da kwandonsa. A Agadas ma hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 ta tsallake ƙarnoni ta wannan hanya. Za a iya cewa Agadas ba ta da ruwan Zariya, kuma gaskiya ne. Amma Zariya ta riƙe nata fiye da shekara 130 a fili, cikin wannan ruwan.

Abin da ya rage

Cewa muna iya bayyana siffar masallacin dalla-dalla a yau, bashi ne da muke ɗauke da shi na wasu baƙi da ɗalibansu 'yan ƙasa. Fitacce a cikinsu shi ne Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda ya zo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950. A birnin Warso ya yi karatu, birnin da sojojin Jamus suka mayar da shi toka a 1944, har da babbar majami'arsa ta Yahaya, kuma mutanensa suka sake gina tsohon garin bayan yaƙi ta hanyar bin tsofaffin zane-zane da awon da aka yi tun kafin rushewar. Mutumin da ya fito daga irin wannan gari ya san darajar igiyar awo. Shi da matasan da ya horar sun auna masallacin Zariya tun yana cikakke, bango da ginshiƙi da baka, suka zana. J. C. Moughtin ma ya yi nazarinsa a littafinsa kan gine-ginen Hausa na 1985, haka kuma Hamman Tukur Sa'ad ya bi magina gida-gida ya tattara abin da suke faɗa game da sana'arsu da kuma Babban Gwani. Dmochowski ya rasu a 1982, aikinsa mai juzu'i uku bai fito ba sai a 1990.

A watannin da suka biyo bayan rushewar 2023, masarautar Zazzau ta kafa gidauniyar sake gina masallacin, gwamnatoci da attajirai suka yi alkawarin kuɗi masu yawan gaske. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da dubban masallata ƙarƙashin rufin da ya riga ya kashe mutane. Abin da nake jin ciwonsa shi ne, ko da an ce ga kuɗi a tayar da wani kamarsa a gefe don tarihi, zai yi wuya a tara maginan da za su ɗaure baka mai wannan faɗi, kuma giginyar da za a tsaga ta yi ƙaranci a dazuzzukan da aka saba samunta.

Wanda yake son ya ga kamannin masallacin kamar yadda yake kafin shekarun 1970, da zaurukansa da tulluwarsa, ba Zariya zai nufa ba. A Jos, cikin gidan adana gine-ginen gargajiya da Dmochowski ya assasa kusa da gidan tarihi, magina Hausawa sun tayar da kwafinsa daidai girmansa, bisa awon da aka ɗauka, kusa da kwafin wani sashe na ganuwar Kano. An gina shi don kallo ne, ba don salla ba. Shi ma na ƙasa ne da azara, kuma ruwan Jos ya fi na Zariya yawa.